Garin Neman Gira: Martani Kan Gyaran Bodin Tsohuwar Mota a Gida

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu kwanakin baya yana kira ga masu tsofaffin motoci, musamman mu na karkara da har yau Fijo 504 da a-kori-kura ke yi wa hidima, cewa su daina kai bodin motocinsu wurin maƙeran mota, kowa ya zage damtse ya gyara abinsa a gida. Rubutun ya samu karɓuwa. A nan Jabo ana maimaita shi a majalisa da tasha, har wasu matasa sun fara tambayar kuɗin fila da gwangwanin fenti. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan. Shawarar da za ta tsaya a takarda daban, wadda za ta sa yaro ya kunna wutar walda kusa da tankin fetur a tsakar gidan ubansa kuma daban.

Hujjojin Malam marubucin ba na banza ba ne, kuma zan kawo su yadda ya nufe su. Ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin gyaran bodi ya fi ƙarfin talaka. Ya ce da yawa daga cikin fanel-bita ba su da amana: su riƙe mota wata da watanni, su lafta fila a kan tsatsa, wani lokaci ma batir ko jak ya yi ƙafa. Ya ce ilimi yanzu yana cikin waya, duk abin da maƙeri ya sani akwai bidiyonsa. Ya ce bodi ba inji ba ne, kwalliya ce kawai, ko an yi kuskure iyakarsa mota ta yi muni. Ya rufe da cewa Turawan da suka ƙera motocin da kansu suke gyara tsofaffinsu a garejin gida, mu ma ya kamata mu koyi dogaro da kai.

Tsada gaskiya ce. Ha'incin wasu masu sana'ar ma gaskiya ne, ba wanda ya taɓa mallakar tsohuwar mota da zai musa. Inda muka rabu da Malam shi ne maganin da ya rubuta, domin ya fi ciwon illa.

Babban kuskuren rubutun shi ne cewa bodi kwalliya ce, kuma a kansa sauran suka ginu. Da Malam yana maganar Roka ne ko Kanta, da maganarsa ta kusa zama daidai, saboda babbar mota tana da shasi, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da inji da gatari da bodi duk suke zaune a kansu. Kana iya sauke bodin katako ka ɗora wani, motar ba ta sani ba. Ƙaramar 504 ba haka aka gina ta ba. Ba ta da shasi na daban. Ƙasan motar, da ƙarafan nan masu rami da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da wurin da kan shokozoba na gaba yake zaune a gefen inji, duka an haɗe su da walda sun zama abu ɗaya, kuma su ne ƙashin bayan motar. A jikinsu aka ɗaure kujeru. A jikinsu aka ɗaure bel. Su ke karɓar duk wani rami da taya ta faɗa tsakanin Tambuwal da Jega. Ita kanta a-kori-kura, da aka ƙarfafa bayanta aka sa mata sifirin mai ganye saboda lodi, gabanta irin wannan ginin ne. To idan tsatsa ta cinye mazaunin shokozoba, wani ya toshe wurin da kwano da fila ya shafa fenti, me ya gyara? Ranar da motar ta ɗauko buhunan gero da mutane a samansu, ta ci rami da gudu, wurin ya ɓalle, sitiyari ya ƙwace daga hannun direba, wa zai gaya wa iyalan waɗanda ke ciki cewa kwalliya ce kawai ta ɓaci?

Motar da aka gyara a gida ba a gida take tsayawa ba. Titi za ta hau, ta ɗauki matar wani zuwa asibiti, ta wuce 'yan makaranta a bakin hanya. Mutum yana da damar yin kasada da dukiyarsa, amma wa ya ba shi damar yin kasada da fasinja?

Sai batun bidiyo. Ba na raina abin da ake koyo a waya. Matasanmu sun koyi abubuwa masu amfani ta nan, kuma mai mota da ya kalli irin waɗannan bidiyoyi zai fi gane abin da ake yi wa motarsa. Amma duk wanda ya taɓa zama a gareji ya kalli tsohon maƙeri yana fitar da lotsawa daga jikin madigadi ya san akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Ba ya fara da guduma. Tafin hannunsa yake shimfiɗawa a kan ƙarfen yana shafawa, sau da yawa ma idonsa na kallon wani wuri, yana neman inda ƙarfen ya tashi da inda ya faɗa. Ba tsakiyar ramin yake fara bugu ba, sai gefen da ƙarfen ya tattare, domin can ne ƙarfin karon ya maƙale. Hannunsa na hagu yana ciki riƙe da ƙarfen tokara, na dama yana bugu a hankali, kuma daga ƙarar yake sanin ko gudumar ta faɗa daidai kan tokarar ko ta kauce. Idan ya yi ta bugu a kan tokarar, ƙarfen zai miƙe ya yi faɗi, ya koma yana lotsawa yana dawowa in an danna shi da yatsa. A nan sai ya ɗauko wuta, ya gasa wuri ɗan ƙarami kamar faɗin kwabo har ya yi ja, ya bubbuga kewayensa da sauri, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke ya koma mazauninsa. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙarfen bodin mota kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, wutar gas kuma zafinta ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500. Ka daɗe da ƙiftawar ido biyu, ka huda shi. Ka gasa wuri mai faɗi, ƙofar gaba ɗaya ta karkace, ba kuma za ta ƙara rufuwa daidai ba.

Yaron gareji yana shekaru yana goge fila da samfefa da miƙa guduma kafin maigidansa ya yarda ya kunna wuta a jikin motar mutane. Ba mugunta ke sa a ja masa rai ba. Hannu ne ake jira ya nuna. Ashe abin da yaro mai kwana a gareji ke ɗaukar shekaru kafin ya iya, malamin makaranta ko manomi zai iya shi da bidiyon minti ashirin, kuma a kan motarsa tilo zai fara gwaji? Mai bidiyon ma ai ba ya nuna ƙofofin da ya ɓata kafin ya ƙware.

Na ga abin da wannan ke haifarwa a kusa da ni. Wani matashi maƙwabcinmu ya gaji a-kori-kurar mahaifinsa, ƙasan wajen direba ya fara hujewa. Yaro ne mai himma, ba malalaci ba, kuma kuɗin ne babu. Ya yanko kwanon rufi ya shimfiɗa a kan hujin, ya ɗaure da kusoshi, ya cika gefe da fila har ya shafe, ya fesa baƙin fenti. A ido aikin ya yi kyau, mutane suka yaba. Damina ɗaya ta wuce, kujerar direba ta fara rawa. Da aka kai motar wurin wani dattijon maƙeri a Tambuwal, bai ce komai ba, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya bi wurin da shi. Inda ƙarfe yake ya kama, inda fila take ya faɗo. Ya sa kurfi ya ɓamɓaro filar, kaurinta ya kai babban yatsa, ƙarƙashinta tsatsa jiƙe sharkaf, ta ci har ta kai ƙarfen da kujera ke ɗaure a kai. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, wa yay yi maka wanga aiki?" Yaron ya ce, "Ni niy yi, Baba." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Da ka kawo ta tun hwarko, tahin hannu guda za ni yankewa. Yanzu kau sai an hidda ƙasan ga duka."

Dalilin a fili yake. Fila ba ƙarfe ba ce, ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan danshi. An yi ta ne don shafe 'yan ƙananan tabon guduma bayan an daidaita ƙarfe, a shafa ta siririya a kan ƙarfe mai tsabta. Ɗora ta a kan tsatsa daidai yake da yi wa azarar da gara ta ci yaɓe: ɗaki zai yi kyau, garar kuma ta samu inuwar ci gaba da aikinta. Abin mamaki, wannan shi ne ainihin laifin da Malam ya tuhumi maha'intan fanel-bita da shi. Mutumin da ba shi da wuta, ba shi da hannun bugu, me ya rage masa ban da fila? Shawarar Malam, ba da nufinsa ba, tana mayar da kowane mai mota ya yi wa kansa ha'incin da yake gudu. Idan kuma daga baya ya sayar da motar bai faɗi abin da ke ƙarƙashin fentin ba, ya shiga wani babi da malamanmu suka sha yin wa'azi a kansa, na ɓoye aibin kaya a ciniki.

Mu dawo kan kuɗi, tunda nan ne hujjarsa ta fi jan hankali. Malam ya lissafa ladan maƙeri ya ce za a tsira da shi. Bai lissafa abin da za a saya kafin a tsira ba: gudumomi iri-iri da ƙarafan tokara, injin gurza, tukunyar kabaid da silindar oksijin da tiyo, kwamfiresa da bindigar fenti, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, fila, firaima, tina, fenti, sannan janareta da fetur ɗinsa, domin kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Maƙeri yana raba kuɗin kayan aikinsa a kan motoci masu yawa cikin shekaru. Mai mota ɗaya zai ɗora shi duka a kan mota ɗaya. In ya ce zai ari injin mai waldar ƙofofi da tagogi, wannan waldar lantarki ta sanda an yi ta ne don ƙarfe mai kauri, a jikin bodi sai dai ta yi ta huda shi. Bai kuma lissafa kwanaki ba. A-kori-kurar da ke kwance a ƙofar gida an kwance mata ƙofofi, lokacin kaka ana neman mai kai amfanin gona kasuwa, kowace rana asara take ci. Aikin da gwani zai gama cikin mako biyu, ɗan koyo zai kai wata uku yana yi yana warwarewa. Daga ƙarshe a kai wa gwanin, a biya shi ladan cire ɓarna kafin ladan gyara. Ina arahar take?

Yanayin ƙasarmu ma ba ya taimakon ɗan koyo. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, fila tana daskarewa a kan faranti kafin ka gama shafawa, fenti kuma yana bushewa a iska kafin ya sauka jikin mota, sai ya fito da kaushi. Da hunturu ƙura ce ke bin ɗanyen fenti ta manne. Da damina danshi ke sa shi ya yi hazo. Mai fentin da ya san aikinsa ya san wace tina zai haɗa a wane lokaci, ya san ya yayyafa wa ƙasa ruwa ya fesa da sanyin safiya. Mai bidiyon da ke ƙasar sanyi, cikin rufaffen ɗaki mai fanka mai tace iska, ba zai gaya maka wannan ba, domin bai san shi ba.

Akwai abin da rubutun bai ambata ba ko da layi ɗaya, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: lafiya da rai. Gas ɗin da ake walda da shi yana fitowa ne idan kabaid ya haɗu da ruwa, kuma gas ne mai saurin fashewa idan matsinsa ya yi yawa ko wuta ta koma da baya cikin tiyo. Oksijin kuwa idan ya haɗu da maiƙo ko giris a bakin silinda yana iya kamawa da kansa. Tankin fetur da aka juye ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, kuma tiyon mai da na birki suna bin ƙasan motar ne, daidai inda tsatsa ta fi ci, daidai inda za a kai wuta. Maƙeran da suka yi shekaru a sana'ar ma suna jin tsoron wannan. Gidajenmu kuma kowa ya san su: dangar kara, rumbu, tarin harawa a kan rumfa, yara suna wasa a ko'ina. Tartsatsi ɗaya da iskar bazara ya isa.

Ban da wuta akwai guba marar ƙara. Kwanon rufi idan aka sa masa wuta yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Fentin zamani da ake zuba wa hadina yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Fentin motocin da, da yawansa akwai dalma a ciki, kuma gurza shi a bushe yana mayar da shi ƙura. Mu a wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan dalma. A 2010 maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Zamfara sun binne yara sama da 400, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a ƙasa, yara masu rarrafe suka kai ta baki. Ban ce ƙurar mota ɗaya za ta kai wannan bala'i ba. Amma hanyar da gubar ke bi ita ce dai: aikin da ya kamata a yi nesa da iyali an shigo da shi tsakar gida, kusa da turmi da randa. Ya dace marubuci ya tura mutane su gurje mota sukutum a gida bai faɗa musu wannan ba?

Batun Turawa kuma a duba shi da kyau. Gaskiya ne a Ingila da Amurka da Faransa akwai masu sha'awar gyara tsofaffin motoci da hannunsu. Amma Baturen nan yana da gareji mai rufi da wutar da ba ta ɗaukewa, yana da injin walda na musamman don siririn ƙarfe, yana aika saƙo a kawo masa sabon ɓangaren bodi da aka buga daidai da na asali. Motar ba ita ke ciyar da shi ba, yana da wata da yake zuwa aiki da ita, don haka ko ta shekara biyar a kwance ba abin da ya dame shi. Da yawansu ma idan aka zo kan fenti da daidaita ƙashin mota, wurin gwani suke kaiwa. Ga kuma doka a bayansu. A Ingila, motar da aka kai gwajin shekara-shekara na MOT tana faɗuwa idan aka samu tsatsa mai tsanani cikin tazarar santimita 30 daga inda sitiyari ko birki ko bel ko shokozoba suke ɗaure, kuma facin da aka yi a irin waɗannan wurare sai an zagaye shi da walda ba yankewa kafin a karɓa. Wato su da kansu sun san bodi ba kwalliya ba ce. A nan wa zai leƙa ƙarƙashin motar da ke jigila tsakanin ƙauyukan Kebbe? Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan bi'ayo takardu da taya da fitila suka fi dubawa. Tunda ba mai duba mana, sai mu ƙara tsanantawa kanmu. Malam ya ɗauko sha'awar Bature ya bar sharuɗɗanta a can.

Akwai kuma darajar motocin su kansu. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, ba da jimawa ba 504 ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya, motar amarya. Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Yau an daina. Ƙofa ko bonet na asali da ka samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano daga jikin wata matacciyar mota aka ciro, kuma kullum 'yan gwangwan suna yanka ragowar suna aunawa a sikeli. Duk ɓangaren da aka ƙona a wajen koyo ya tafi ke nan. A Faransa 504 ta shiga sahun motocin tarihi da ake tattali. Mu da muka ci moriyarta fiye da su, abin da ya rage mana sai mu mayar da shi allon gwaji?

To ha'incin fa? Maganin mugun maƙeri shi ne nagari, da mai mota mai ido. Kafin ka ba mutum motarka, tambayi direbobi a tasha, ka ce a nuna maka motar da ya gyara ta ci damina biyu. Ku yi yarjejeniya a gaban shaidu, a rubuta abin da za a yanke da abin da za a musanya da ranar gamawa. Kada ka ba da kuɗi gaba ɗaya, ka raba su bisa matakin aiki. Sayo fila da fenti da kanka. Kwashe batir da jak da safaya ka kai gida. Sharaɗi mafi girma shi ne kada a shafa fila ko cokali ɗaya sai ka zo ka ga ƙarfen tsirara, ka ga an yanke ruɓaɓɓen an dasa sabo, ka ɗauki hoto da wayar nan da Malam ke yabo. In an gama, ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar. In aka saɓa alkawari, ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da shugabanni da ake kai wa ƙara, kuma mai sana'a yana jin kunyar 'yan'uwansa. Wannan wahala ce, na sani, amma ba ta kai ta kwance mota a gida ba. Bai kuma dace a shafa wa dukan masu sana'a baƙin fenti saboda laifin wasu ba. Ƙasar da ta san unguwar Maƙera Assada a Sakkwato ta san cewa aikin ƙarfe gado ne mai mutunci, kuma maƙerin mota reshe ne na wannan itacen.

Kada a ɗauka ina cewa mai mota ya naɗe hannu. Akwai aiki mai yawa da yake nasa, kuma rashin yin sa ne ke kai mu gareji tun farko. Ƙasarmu busasshiya ce, daminarmu 'yan watanni ce, don haka tsatsar motocinmu ba daga sama take zuwa ba, daga sakaci take. Takin zamani da ya zube a bayan a-kori-kura, da gishiri, da fitsarin dabbobin da aka kai kasuwa, su ke cin ƙarfe. A share a wanke ranar da aka sauke su, a shimfiɗa katako ko leda mai kauri kafin a yi lodi. Lakar da ta maƙale a cikin madigadi tana riƙe danshi har tsakiyar rani, a kankare ta. Ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan hudojin fitar ruwa da ƙura ke toshewa, tsinke ya isa ya buɗe su. A ɗaga shimfiɗar ƙasa bayan ruwan sama a shanya. Robar gilashi da rana ta busar a canja ta. Inda ruwan batir ya zuba a wanke da ruwan kanwa, yana kashe kaifinsa. Tsatsar da ke sama-sama, wadda ba ta huda ba, mai mota yana iya goge ta da burushin waya da jiƙaƙƙiyar samfefa, a waje nesa da yara, ya shafa jan fentin kariya. Abin da ake kwancewa da sifana, kamar bamba da fitila da bonet, yana iya musanyawa da kansa. Har kwance kujeru da gilasai kafin a kai gareji yana iya yi, ladan aikin ya ragu.

Iyakar ita ce wannan, kuma a kanta nake tsaye: ka danna wurin da sukudireba, in ya shige, aikinka ya ƙare. Duk abin da ke buƙatar wuta, duk abin da ke ɗauke da nauyin mota ko kujera ko bel, duk feshin fenti mai hadina, na maƙeri ne da mai fenti, a garejinsu, ba a tsakar gida ba. In kuɗin bai samu ba, a ajiye motar a inuwa a rufe ta har ya samu, ko a yi gyaran kashi-kashi a fara da ƙasa da mazaunin shokozoba, fenti ya jira.

Matashin da aikin ya burge shi kuma, ƙofa a buɗe take, kuma muna buƙatarsa, domin dattawan da suka iya bugun ƙarfe suna ƙarewa, masu fila suna yawa. Ya je ya durƙusa gaban gwani ya koya, ko ya nemi kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo ya samu tushen aikin hannu. Ya sayi mataccen madigadi a wurin 'yan gwangwan ya lotsa shi ya fitar, ya sake lotsawa ya sake fitarwa, har hannunsa ya faɗa. Wannan shi ne dogaro da kai da zai ciyar da shi ya kuma amfani gari.

Roƙona ga Malam shi ne ya sake ɗaukar alƙalami, tunda mutane suna jin maganarsa. Ya je gareji ya wuni, ya sa a ɗaga masa 504 ya ga inda tiyon mai yake bi da inda kujera take ɗaure, sannan ya rubuta wa masu karatunsa abin da ya gani. Ya kuma gaggauta janye maganar cewa bodi kwalliya ce, domin akwai yaran da suka riga suka sayo kabaid.